Sikanin hantar kare mai ƙiba yayin rage masa nauyi

Malamin dabbobi, Ringim:
Assalamu alaikum likitoci. Karen gadi ne mai kilo 30, ragowar tuwo da maiƙo sun sa ko haƙarƙarinsa ba a ji. An soma rage masa abinci. Yaya ake gane kitse a hantarsa da sikanin, kuma yaushe za a maimaita?

Likitan dabbobi, Bichi:
Wa alaikumus salam Malam. A hana shi abinci awa 8 zuwa 12, ruwa kaɗai, don iskar ciki tana tare hoton. A aske gashi daga ƙarshen ƙashin ƙirji zuwa cibiya, a goga sifirit, a shafa jel, a ɗora kan na'urar ana nufar wajen kai.

Kada a duba hanta ita kaɗai. A lafiyayyen kare saifa ta fi hanta haske, hanta kuma kusan ɗaya take da ɓawon ƙodar dama. In hanta ta kamo saifa a haske, gefenta ya dunƙule maimakon ya yi kaifi, bangon jijiyoyinta ya dushe, can ƙasan hoton kuma ya yi duhu, to akwai abin da ya taru a ciki. Inda ake yawan kuskure shi ne ƙara hasken na'ura: kowace hanta sai ta fito fari fat. A rubuta saitin ranar farko, da shi za a koma bayan wata biyu ko uku.

Likitar dabbobi, Hadeja:
Ina ƙara jan hankali, Malam. Fari a sikanin ba lallai kitse ba ne. Karen da aka daɗe ana yi wa allurar deksametason, maganin kumburi, hantarsa haka take fitowa, haka ma ta mai ciwon suga. Sai an haɗa da gwajin jini na ALT da ALP, masu nuna lafiyar hanta, in ya kama a tsotso ɗan samfuri da siririyar allura. Sannan a leƙa rumbu. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna yana ɗauke da gubar aflatoksin, ita ma tana tara kitse a hanta, kuma kare ba ya jure ta.

Mai kiwon karnuka, Gumel:
Kada dai a yi masa horon yunwa. Kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a mako ya isa, wato giram 300 zuwa 600. A auna shi duk mako biyu, a fita da shi da sanyin safiya. In ya ƙi ci, ko fararen idanunsa suka yi ɗorawa, a kai shi asibiti ranar, kada a jira lokacin sikanin.