Kotu za ta iya tilasta wa mace ta yi shaida a kan mijinta?

Ummu Hafsa: Assalamu alaikum. Masana shari'a, idan ana tuhumar mutum da laifi, aka aika wa matarsa sammaci, dole ne ta faɗi abin da ya gaya mata a ɗaki?

Ɗan Masani: Wa alaikumus salam, Hajiya. Duba Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011. Sashe na 187 ya ce maganar da miji ya yi wa matarsa, ko ita ta yi masa, a lokacin aure, ba a tilasta bayyana ta, ba a ma yarda a bayyana ba sai wanda ya yi maganar ya amince. Ko an rabu, kariyar tana nan. Kuma dokar 2011 ta haɗa da auren Musulunci da na gargajiya, ba na rajista kaɗai ba.

Sashe na 182 kuma ya ce a yawancin laifuka ba a kiranta shaida sai mijin ne ya nema. Amma idan ita ya yi wa duka ko rauni, ko shari'ar tsakaninsu ce, kariyar ta faɗi. Hakan daidai ne, don da ba haka ba mai cin zalin iyalinsa zai fake da auren.

Malam Na Zaure: Hajiya, kada dai ta ƙi zuwa. Ƙin amsa sammaci na iya jawo takardar kamu. Ta je, lauya ya miƙe ya ƙalubalanci tambayar kafin ta buɗe baki. A nan ake yawan kuskure, sai magana ta fita ake tunawa.

A kotun shari'ar Musulunci lamarin daban ne. A Malikiyya ba a karɓar shaidar mata ga mijinta saboda tuhumar son kai. Wannan ƙin karɓa ne, ba kariyar sirri ba.

Ummu Hafsa: Na gode, malamai. To lauya da likita fa?

Ɗan Masani: Lauya na da sashe na 192: sirrin wanda yake karewa ba ya fita ko bayan aiki ya ƙare, har akawunsa da tafintansa, sai dai in an yi maganar ne don shirya laifi. Likita ba shi da irin wannan a dokar. Kotu ta umarce shi, dole ya yi magana.