Dakatar da kemo na ɗan lokaci: an sallama ne ko dabara ce?

Mai_Jinya:
Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da nas-nas ɗin da ke nan. Mutum ne ke da ciwon dajin hanji da ya bazu zuwa hanta, ya yi wata shida ana ba shi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, duk mako biyu, hoto ya nuna ƙarin ya tsaya, sai likita ya ce a huta. An sallama ke nan? Hutun na kai tsawon wane lokaci, kuma me ake lura da shi?

Likitan_Daji:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba sallamawa ba ce, amma sai an fara sanin manufar maganin. Inda ake neman warkewa gaba ɗaya, kamar dajin maraina, ko kemon da ake yi bayan an cire ƙarin nono, ba a wasa da jadawali, domin jinkiri yana rage damar warkewa. Inda ciwon ya bazu kuwa, manufar ita ce a danne shi tsawon lokaci, jiki kuma ya iya ɗauka. A nan hutu ke da gurbi.

Maganin hanji da ake yi duk mako biyu galibi yana ɗauke da oxaliplatin, miligiram 85 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Wannan magani taruwa yake yi a jijiyoyin da ke sa a ji taɓi. Idan jimillarsa ta doshi miligiram 800 a wannan ma'auni, wato zagaye tara ko goma, sai yatsu su fara mutuwa, wato su daina jin taɓi, saka maɓallin riga ya zama aiki. Wani lokaci illar ba ta komawa. Shi ya sa likitoci da dama ke cire shi tun bayan zagaye shida zuwa takwas.

Hutun iri biyu ne. Akwai wanda ake cire mai zafin a bar mai sauƙi, kamar ƙwayoyin capecitabine, wani lokaci haɗe da bevacizumab, maganin da ke hana ƙari samun sababbin hanyoyin jini. Akwai kuma cikakken hutu, babu komai. Binciken COIN da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2011, ya kwatanta masu ci gaba da masu hutawa: matsakaicin tsawon rayuwa wata 15.8 ne ga na farko, 14.4 ga na biyu, amma masu hutawa sun fi samun sauƙin illoli. Ratar ba ta da yawa, sai dai akwai ta, kuma haƙƙin maras lafiya ne a faɗa masa.

Nas_Ɗakin_Kemo:
Dakta ya gama da ɓangaren hujja, bari in shiga na aiki. Kada a bar asibiti sai an rubuta ranar hoton CT na gaba, yawanci bayan mako 8 zuwa 12, da ranar gwajin jini. A ciwon hanji ana bin ma'aunin CEA, wani sinadari a jini da kan ƙaru idan dajin ya taso, da aikin hanta. A karɓi lambar da za a kira ko da tsakar dare ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne ɗan bututun da aka dasa ƙarƙashin fatar ƙirji don ba da kemo ta cikinsa. Ko ba a amfani da shi, sai an wanke shi da ruwan gishiri na asibiti duk mako 4 zuwa 8, in ba haka ba jini ya daskare a ciki ya toshe. Na dantse, wanda bakinsa ke waje, duk mako ake wanke shi a canza bandeji, don haka idan hutun zai yi tsawo gara a cire shi kawai.

Kuma kemo kaɗai aka dakatar. Maganin tsinka jini, na zogi, na ƙashi, duk suna nan daram. Wanda ya daɗe a kan magungunan rage kumburi irin su dexamethasone ko prednisolone kada ya yanke lokaci guda, a hankali ake saukar da shi.

Fararen ƙwayoyin jini sun fi faɗuwa tsakanin kwana 7 da 14 bayan zagayen ƙarshe, saboda haka zazzaɓin da ya kai digiri 38 na Celsius a makonnin farko na gaggawa ne. Haka idanu su yi rawaya, ko amai da kumburin ciki ba bayan gida, ko ciwon baya tare da raunin ƙafafu da kasa riƙe fitsari. Waɗannan ba sa jiran ranar hoto.

Mai_Jinya:
Na gode ƙwarai. To idan yatsun sun ƙara mutuwa bayan an daina, ciwon ne ya taso?

Mai_Haɗa_Magani:
Ba lallai ba, Malama. Halin oxaliplatin ke nan: illarsa kan ci gaba da ƙaruwa wata biyu zuwa uku bayan an daina, sannan ta fara lafawa a hankali. A dai sanar da likita ya duba.

Abu ɗaya nake so in ƙara a kan maganar Dakta: ba kowa hutu ke karɓa ba. A wancan binciken, waɗanda ƙwayoyin daskarar da jininsu suka haura 400,000 a gwajin jini tun farko, rayuwarsu ta fi gajarta da cikakken hutu. Wanda ƙarin ya cika masa hanta ma cikakken hutu bai cika dacewa da shi ba. Irin waɗannan an fi barinsu a kan mai sauƙin.

Batun komawa kuwa, a yanke shi tun ranar farko. Ƙa'idar da ake bi a hoto ita ce ƙarin ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a kan mafi ƙanƙantar awonsa, ko wani sabo ya ɓullo. Sau da yawa maganin farko ake maimaitawa, tunda ba gazawa ya yi ba. Sai dai a kula: jikin da ya taɓa shan oxaliplatin ko ɗan'uwansa carboplatin ya fi saurin yi masa bore idan aka dawo da shi, da ƙaiƙayi, jan fuska ko sarƙewar numfashi. A zagayen dawowa a tunatar da nas cewa an taɓa yin maganin, a nemi a zauna kusa da ita, kuma duk abin da aka ji a faɗa nan take don a tsayar da ƙarin ruwan.