Jarabawar Kobayashi Maru: me ɗalibi zai yi idan an toshe duk hanyar nasara?

Maikallon Taurari

Assalamu alaikum. A makon jiya na sake kallon fim ɗin Star Trek na biyu, wanda ya fito a 1982, kuma farkonsa ya ƙi barin zuciyata. An ɗora wata ɗalibar hafsa mai suna Saavik a kujerar kyaftin, cikin ɗakin atisaye da aka tsara tamkar jirgin sararin samaniya na gaske. Sai kiran neman agaji ya shigo daga jirgin dakon kaya mai suna Kobayashi Maru, ya ce ya taka nakiya, injinsa ya mutu, kuma akwai ma'aikata 81 da fasinjoji 300 a ciki. Jirgin yana cikin yankin da yarjejeniya da Klingon, abokan gabar su Saavik, ta haramta shiga. Idan ta shiga, jiragen yaƙi uku za su rufe ta, idan kuma ta ƙi, mutanen za su mutu tana jin muryoyinsu. Gaba kura ne, baya sayaki.

Daga baya muka ji cewa Kirk, jarumin fim ɗin, ya zauna wannan jarabawa sau uku tun yana ɗalibi, a karo na uku ya shiga kwamfutar ya sauya tsarinta, har aka yaba masa. Tambayata ga masana ita ce: shin abin da ya yi shi ne daidai, ko kuwa akwai hanyar da ta fi dacewa ɗalibi ya bi?

Tsohon Malami

Wa alaikumus salam, ɗana. Na shafe shekaru ina tsaron ɗakin jarabawa, don haka ba zan ɓoye ra'ayina ba: abin da Kirk ya yi satar amsa ce, ko da an lulluɓe ta da yabo. Waɗanda suka shirya wannan atisaye sun riga sun san babu nasara a cikinsa, abin da suke son gani shi ne halin mutum a lokacin da wuta ke ci, na kusa da shi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Shin muryarsa za ta yi rawa? Zai tuna ya ba da umarnin a fice daga jirgin kafin lokaci ya ƙure, ko zai ci gaba da harbi saboda kunyar a ce ya gudu?

Fim ɗin da kansa ya ba da amsa a ƙarshensa. Lokacin da Enterprise, jirgin su Kirk, ta kasa tserewa daga fashewar da abokin gabarsa Khan ya kunna, Spock, aminin Kirk, ne ya shiga ɗakin injin da ke cike da tururi mai kisa, ya gyara shi da hannunsa, ya ceci kowa. Kirk ya iso a guje, gilashi ya raba su, yana kallon amininsa yana mutuwa ba shi da abin yi. Spock ya gaya masa cewa bai taɓa zama wannan jarabawa ba sai a ranar. Bayan haka Kirk ya amsa wa ɗansa David cewa shi bai taɓa fuskantar mutuwa ba, kauce mata kawai yake yi. Darasin da ya guje wa yana ɗalibi, a ɗakin da jinin ƙarya ne, sai ya zo ya koye shi a kan gawar abokinsa. Shawarata ita ce ɗalibi ya shiga ya yi ƙoƙarin ceto, ya kiyaye hankalinsa, ya tsira da iya mutanen da zai iya, sannan ya karɓi faɗuwar.

Uwar Biyu

Malam, Allah ya ƙara girma, na amince da rabin maganarka, amma ina jin tsoron ɗaya rabin. Na'urar kwaikwayo ba ta san komai ba sai abin da masu haɗa ta suka zuba mata, saboda haka idan ta ce babu mafita, ra'ayin mutum ne take maimaitawa. Ɗalibin da ya saba yarda da wannan hukunci yana iya saduda a ranar da mafita take gabansa.

Ga misali daga duniyarmu. A ranar 19 ga Yuli 1989, jirgin United mai lamba 232, ƙirar DC-10, ya tashi daga Denver zuwa Chicago a Amurka, sai injin da ke jelarsa ya tarwatse, ya tsinke dukkan bututu uku na man da ke motsa fikafikai da jela. Babu littafin horo da ya tanadi wannan yanayi, domin an ɗauka ba zai faru ba. Kyaftin Al Haynes da abokan aikinsa, tare da wani mai horar da matuƙa, Dennis Fitch, wanda fasinja ne a ranar, suka riƙa ƙara wa injin dama wuta suna rage wa na hagu, da haka suka ja jirgin har filin Sioux City. Ya kife ya kama da wuta, amma cikin mutum 296 an tsira da 184. Da aka maimaita lamarin a na'urar horo, ƙwararrun matuƙa sun kasa saukar da shi lafiya. Waɗannan mutane ba su yi maguɗi ba, amma irin taurin kan Kirk ne ya hana su sakin jirgin.

Ɗan Tsakiya

Ina ganin an manta da zaɓi na uku. A littafin da Julia Ecklar ta rubuta kan wannan jarabawa a 1989, Sulu, matuƙin Enterprise, ya ƙi tsallaka iyakar gaba ɗaya lokacin da ya zauna jarabawar, domin ya auna cewa karya yarjejeniya na iya jawo yaƙin da zai ci rayuka fiye da waɗanda ke cikin jirgin dakon. Wannan ma amsa ce, kuma a wurina ta fi zafi, tunda mai ita zai rayu yana tuna muryoyin da ya juya wa baya.

Tsohon Malami

Hajiya, misalinki ya ratsa ni, amma ki lura da bambanci guda. Haynes bai tashi ya je ya gyara injin da alƙalami ba, a cikin matsalar ya zauna ya nemi dabara da abin da ya rage masa. Wannan shi nake so ɗalibi ya yi. Akwai makamanciyar jarabawa a wani kashi na Star Trek na 1994, inda wata jami'a mai suna Deanna Troi ta yi ta faɗuwa saboda tana neman dabarar injiniya, har sai da ta gane cewa abin da ake jira shi ne ta umarci Geordi, abokinta kuma injiniyan jirginsu, ya shiga inda ba zai fito da rai ba. Da ta iya furta umarnin, nan take aka ce ta ci.

Maikallon Taurari

Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Yanzu na gane cewa da ni ne a kujerar, shiga zan yi, kuma umarnin da zan fara bayarwa shi ne a shirya jiragen tsira kafin mu tsallaka iyakar. Abin da har yanzu ban iya amsa wa kaina ba shi ne na Troi, domin na gwada faɗin wannan umarni a zuciyata da sunan wani abokina, bakina ya yi nauyi.