Yaya ake tsara alkiblar rayuwa alhali ba a san abin da gobe za ta zo da shi ba?

Mai_Neman_Haske:
Assalamu alaikum jama'a. Kusan duk shawarar da ake bayarwa kan tsara rayuwa ita ce mutum ya zauna ya rubuta inda yake son kaiwa nan da shekara biyar. To wanda aikinsa ke tangal-tangal fa, ko wanda bai san ko sana'arsa za ta ci gaba da riƙe shi ba? Shirin shekara biyar na iya wargajewa cikin wata uku. A jingine tsari ne har ƙura ta lafa, ko akwai wata dabara? Sannan yaya mutum zai gane lokacin sauya hanya ya yi, ba tsoro ne kawai ke ingiza shi ba?

Malama_Mai_Nazari:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka jira ƙura ta lafa, don ba ta sanar da ranar lafawarta. Matsalar ita ce ana haɗa abu biyu wuri ɗaya: alkibla da shiri. Alkibla jimla biyu ce ko uku kan abin da ba ka yarda ka rasa ba, da irin aikin da kake son ƙwarewa a kai. Wannan ba ya canzawa don kasuwa ta juya. Shiri kuwa, a lokacin rashin tabbas kada ya wuce wata uku, kuma kada ya ɗauki buri fiye da biyu.

Akwai dalilin da ya sa zaman jira ke cin rai. A shekarar 2016 wasu masu bincike a University College London sun sa mutane wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu. Duk wanda ya tarar da maciji a ƙarƙashi, sai lantarki ya ɗan ja shi a hannu. Zufa da buɗewar ƙwayar ido sun nuna damuwa ta fi tsanani lokacin da yiwuwar jan ta kasance rabi da rabi, fiye da lokacin da mutum ya tabbata za a ja shi. Wato rashin sani ya fi mugun labari gajiyarwa.

Saboda haka ɗauki takarda ka raba ta gida uku: abin da ke hannunka kacokan, abin da kake da ɗan tasiri a kai, da abin da ba ruwansa da kai. Duk abin da ya faɗa gida na uku, kada ka bar shi haka, rubuta masa sharaɗi: "Idan kaza ya faru, zan yi kaza." Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan'adam, ya yi bayanin wannan dabara a 1999. Inda ake kuskure shi ne rubuta sharaɗi mai santsi kamar "idan abubuwa suka lalace". Wa zai ce maka sun lalace? Sa adadi ko rana.

Tsohon_Akawu:
Malama ta yi daidai, bari in ɗora a kan maganar adadi. Lissafa abin da dole ka kashe a wata, ban da na marmari, ka raba ajiyarka da shi. Abin da ya fito shi ne watannin da za ka iya jurewa ba kuɗin shiga. In wata shida ne, ja layinka a wata uku: ranar da ajiya ta sauko nan, ka koma shiri na biyu, wato wanda ka tanada don ko-ta-kwana, ba tare da sake muhawara da zuciyarka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai ja layi tun hankalinsa na kwance ba, zai yi ta cewa "bari in ƙara wata ɗaya" saboda ganin wahalar da ya riga ya sha, alhali abin da aka kashe ya tafi ko an tsaya ko an ci gaba.

Kafin ka fara sabon shiri, yi abin da Gary Klein, wani masanin halayyar ɗan'adam, ya bayyana a 2007: ɗauka wata ukun sun wuce kuma shirin ya faɗi warwas, ka ba kanka minti goma ka rubuta dalilan faɗuwar. Ana sa shi a sigar abin da ya riga ya faru ne da gangan, don "me zai iya faruwa?" kan jawo amsar ladabi, amma "me ya kashe shi?" kan fito da abin da kake ɓoye wa kanka. Kuma duk wa'adin da ka ɗiba wa aiki, ƙara masa rabinsa. Tun 1979 masana halayyar ɗan'adam Kahneman da Tversky suka nuna yadda mutane ke raina lokacin da aikinsu zai ci.

Mai_Neman_Haske:
Na gode ƙwarai Malama, na gode Yallaɓai. To bitar shirin fa, kullum da dare za a riƙa yi?

Likitan_Tunani:
A'a, ban ba ka shawarar kullum ba. Mai cikin damuwa idan ya ce zai yi wa rayuwarsa hisabi kowane dare, saƙa da warwara zai koma yi har barci ya gagare shi. Ware minti talatin sau ɗaya a mako, da rana, a rubuce. Tambaya uku sun isa: me na ce zan yi, me na yi, wane sabon bayani ya zo da ban sani ba a makon jiya? Batun alkibla kuma a bar shi sai ƙarshen wata ukun. Kada ka karaya in ka tsallake mako. Binciken Phillippa Lally kan mutum 96 ya gano sabuwar ɗabi'a ta kullum kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ta ba.

Tambayarka kan yadda za a gane lokacin sauya hanya ya yi, ba tsoro ba ne, ba wanda ya taɓa ta sosai. Tsoro yakan san abin da yake gudu, amma bai san inda za shi ba. In za ka iya faɗin sabuwar hanyar da sunanta, da matakin farko, da abin da za ka rasa, alama ce ta tunani. In "ni dai in bar nan" ne kawai, dakata. Rubuta shawarar da dalilanta, ka ajiye mako biyu, ka sake karantawa ranar da ka yi barci sosai.

Ina ɗan saɓa wa Yallaɓai a wuri ɗaya: ba kowace shawara ke buƙatar wannan dogon lissafi ba. Wadda za a iya janyewa, kamar gwada sabuwar sana'a awa biyar a mako na tsawon wata biyu, a yi ta yanzu, sakamakon zai koya maka abin da tunani ba zai koya ba. Ajiye aiki, sayar da kadara ko cin bashi mai nauyi su ne ke son jira da shawara. Wanda za ka nemi shawararsa kuma, ya zama ba ya cin riba ko asara da abin da ka zaɓa, ka kuma ba shi ranar da zai tambaye ka inda aka kwana.