Shin mai haɗa kiɗa a kwamfuta yana bukatar ya koyi kaɗa wani abu da hannunsa?

Ɗan Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayen gida da 'yan'uwa a wannan sana'a. Ni matashi ne mai haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a wani ƙaramin situdiyo a Rigasa, kuma duk aikina da linzamin kwamfuta nake yin sa, wato ina ɗora sautuka ɗaya bayan ɗaya a kan allon jera sauti har kiɗan ya tashi. Mawaƙan da suke zuwa wurina ba su cika ƙorafi ba, amma ni da kaina na lura cewa kaɗe-kaɗena sun fara kama da juna, kuma idan na zauna zan ƙirƙiri sabo sai hannuna ya koma kan abin da na saba. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in koyi fiyano, wani kuma ya ce kalangu ya fi dacewa da irin waƙoƙin da muke yi. Shin koyon kayan kiɗa yana ƙara wa furodusa basira da gaske, ko kuwa lokaci kawai zai ci, tun da manhaja tana ɗauke da sautin kusan kowane abin kiɗa? Idan yana da amfani, da wanne ya kamata in fara?

Malamin Fiyano daga Barnawa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da yake damun kiɗanka shi ne ido ne yake haɗa shi, kunne kuma sai daga baya yake zuwa ya saurara. Mai jera sauti da linzami yakan zaɓi abin da ya yi kyau a kan allo, shi ya sa yake maimaita siffa ɗaya, amma mai taɓa fiyano yana jin sautin a daidai lokacin da yake yanke shawara, kuma sau da yawa yatsa yakan zame ya faɗa kan wani maɓalli, sai a ji wani haɗin da ba a taɓa tunaninsa ba.

Akwai kuma batun ƙarfin bugu. Tsarin MIDI, wanda aka fito da shi a 1983 domin na'urorin kiɗa su riƙa fahimtar juna, yana auna ƙarfin da aka danna kowane maɓalli da shi har zuwa mataki 127. Idan ka ɗora sautuka da linzami, dukkansu da ƙarfi ɗaya suke sauka sai dai idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka gyara, alhali hannun mutum ba ya taɓa buga abu sau biyu daidai wa daida, kuma wannan ɗan bambancin shi ne yake sa kiɗa ya yi rai. Ka tuna cewa waɗanda suka kafa kiɗan finafinan Hausa a Kano da fiyanon Yamaha samfurin PSR suka yi shi, da yatsunsu suke bugawa, kuma shi ya sa mai sauraro yake iya bambanta hannun wannan da na wancan.

Ba sai ka sayi babban fiyano ba. Ƙaramin allon MIDI mai maɓalli 25 zai yi maka aiki, ko da yake mai 49 ya fi, domin zai ba ka damar amfani da hannu biyu. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne jinkirin da ake samu tsakanin danna maɓalli da fitowar sauti, wanda yake sa mutane da yawa su ajiye allon su ce ba su iya ba. Ka yi amfani da direban ASIO, wato manhajar da take haɗa kwamfuta da na'urar sauti kai tsaye, ka rage bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta fitar, zuwa 256 ko 128 lokacin ɗauka. A kan ma'aunin gutsattsarin sauti 44,100 a daƙiƙa ɗaya, bafa 256 tana jawo jinkirin da bai kai kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, wanda ba zai dame ka ba. Idan ka zo tace sauti sai ka mayar da ita sama domin kwamfutar ta huta.

Jikan Makaɗa daga Tudun Wada ya amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan a ce fiyano ne farko ga wanda yake yi wa mawaƙan Hausa kiɗa. Fiyano ya raba tsani ɗaya na sauti, wato daga wani sauti zuwa takwaransa na sama, gida 12 daidai, kuma babu abin da yake tsakanin maɓalli da maɓalli. Harshenmu kuwa da karin sauti yake tafiya, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa, kuma kalangu yana iya bin wannan karin ne saboda makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, sautin ya hau ko ya sauka a hankali ba tare da ya yi tsalle ba. Wanda ya saurari yadda makaɗan Mamman Shata suke amsa masa da kalangu zai ji cewa magana suke mayar masa. Furodusan da ya taɓa riƙe kalangu, ko da bai ƙware ba, zai daina tilasta wa muryar mawaƙi ta zauna a kan maɓallin fiyano da manhajar gyaran murya, domin ya riga ya san cewa lanƙwasar da yake gogewa ita ce ma'anar kalmar.

Na biyu, kuma wannan ya fi shafar matsalar ɗan'uwanmu, shi ne rabon lokaci. Allon ganguna na FL Studio yana buɗewa ne da gida 16, wato kowane bugu an raba shi huɗu. Kaɗe-kaɗen gargajiya da yawa a ƙasar Hausa uku-uku suke raba bugu, kuma sau da yawa wani makaɗi yana tafiya bibbiyu a daidai lokacin da abokinsa yake tafiya uku-uku. Duk wanda ya tashi a kan gida 16 zai yi ta zagaye a cikinsu, yana mamakin abin da ya sa kiɗansa ba ya taka rawa irin ta kotson Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo. Manhajar tana da zaɓin raba bugu gida uku, amma ba zai zo maka a rai ba sai jikinka ya san wannan tafiyar, kuma jiki ba ya saninta ta hanyar kallo.

Kada kuma a raina abin kiɗa don ƙanƙantarsa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya yi dukan waƙoƙin da aka san shi da su. Ƙarancin zaɓi yana tilasta wa mutum ya nemi sabon abu a cikin lokaci da nauyin hannu, yayin da mai dubban sautuka a kwamfuta yakan ɓata dare yana canza sauti, karin waƙar kuwa yana nan yadda yake. Idan za ka je wurin makaɗi neman koyo, ka je da ladabi da abin hannu, domin ga yawancinsu wannan sana'a gado ce, kuma bai dace a ɗauki sautin mutum a sayar ba tare da an yi yarjejeniya da shi ba.

Hajiya Mai Situdiyo daga Unguwar Rimi ta amsa:

Ɗana, duka su biyun sun faɗi gaskiya, sai dai ina tsoron kada ka ɗauka cewa sai ka zama gwani kafin ka amfana. J Dilla, furodusan nan na birnin Ditroyit a Amurka da ya rasu a 2006, ya shahara ne saboda yakan kashe tsarin da yake daidaita bugu a kan layi a na'urarsa ta Akai MPC3000, ya buga gangunan da yatsunsa, wani bugun ya ɗan riga lokaci, wani ya ɗan makara. Kai ma ƙwarya ta ishe ka farawa. Da ita Barmani Coge da matan da suke mata amshi suka yi amada har ta zagaye Arewa. Ka kifa ta, ka kafa makirufo, ka kunna ɗauka ka yi ta bugawa na minti goma ba tare da ka tsaya gyara ba, sannan ka saurara ka yanko daƙiƙa huɗu ko takwas da suka fi daɗi ka gina kiɗan a kansu. Sai dai ka sani, yatsu ma suna da nasu sabon: mai fiyano da ya iya haɗi huɗu kawai zai yi ta maimaita su kamar yadda kake maimaita siffofinka a allo. Don haka ka riƙa sauya abin da kake fara aiki da shi.

Ɗan Rigasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da ƙwarya da ƙaramin allon MIDI. Baba Jikan Makaɗa, idan na ɗauki kalangu ko gurmi kai tsaye, yaya zan yi ya dace da sautukan manhaja, tun da ba a kan ma'auni ɗaya suke ba?

Jikan Makaɗa ya amsa:

Ka fara ɗaukar makaɗin, sannan ka karkato da kwamfutar zuwa gare shi. Kowane maɓalli an raba tazararsa da na kusa da shi gida 100, kuma yawancin sautukan manhaja suna da wurin ɗaga su ko sauke su da waɗannan ƙananan gidaje, saboda haka ka nemi sautin da gurmin yake yawan komawa kansa ka daidaita bes ɗinka, wato sautin ƙasa mai kauri, da shi. Ka kuma gama ɗaukar waƙa ɗaya a zama ɗaya, domin fata tana ɗamewa da hunturu, tana saki da damina, har ma tsakanin safiya da yamma takan canza, kuma abin da ka ɗauka yau ba lallai ya hau kan na jibi ba.