Tabon da ya ƙi fita daga robar cikin mota: me kuka gwada?

Mai tasin Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Vitz nake tasi da ita tsakanin Aboabo da Kejetia a Kumasi, abu uku ne suka ishe ni a cikinta. Akwai baƙin zanen takalman fasinja a ƙasan ƙofofin baya, akwai manjan da ya tsiyayo daga ledar wata mata ya kwanta kusa da giya, sai wani farin tabo a dashbod inda kwalbar turare ta yi yoyo. Yaran wurin wankin mota sun lafta man ƙyalli, da ya bushe komai ya sake bayyana. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya taimaka.

Hajiya ta Asawase: Wa alaikumus salam ƙanena. Na manja ka bar mini, motar da ake kai yara makaranta da waakye da shito a hannu ta koya mini. Tsumma kaɗai ba zai yi ba, don robar ba santsi gare ta ba, 'yan ramuka ne da ita, man can ciki yake shigewa. Ka ɗiga sabulun wanke kwanuka a ruwan ɗumi, ka samu tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka riƙa zagayawa a hankali har kumfar ta koma ruwan ɗorawa. Ka ɗauke ta da tsumma mai laima kafin ta bushe, ka sake. Kar ruwa ya gangara ramin giya. Ɗan jan da zai rage rana ce ke kashe shi, duk mai wankin kaya ta san haka.

Ɗan Sawaba: Wace irin wahala ce wannan Hajiya? Tina (ruwan sirka fenti) ko fetur a tsumma, shafa ɗaya an gama.

Masta na Magazin: Kai yaro, irin shawararka ce ke kawo mana aiki Magazin, unguwar makanikai ta Suame. Robar cikin mota ba iri ɗaya ba ce. Ta jikin ƙofa da ƙasan dashbod yawanci polifirofilin ce, tana da ɗan jimiri. Amma wadda ke kewaye da rediyo da ramukan iska sau da yawa ABS ce, an kuma yi mata fenti a sama. Tina da ruwan goge jan farce narkar da ita suke yi. Na ga wadda aka kawo mana, shatin yatsan mai gogewar ya zauna daram a jikinta, ya ƙame. Fetur kuwa ko bai narkar ba zai bar wurin fari-fari, ga wari cikin mota rufe a rana.

Alhaji mai tasi, ka sa farce ka shafa tabon turaren nan. Idan ka ji tudu, datti ne a sama, zai fita. Idan ka ji wurin ya loma ko yana danƙo, turaren ya riga ya ci fentin, babu abin da za ka wanke. Mutanenmu da son turare, Allah ya shirye mu, a saƙale kwalba a ramin iska a bar mota a rana tun safe. Maganin sauro na shafawa ma haka yake yi wa roba.

Malamin firamare, Tafo: Zanen takalmi galibi robar takalmin ce ta manne a ƙofar, ba ƙofar ce ta ji ciwo ba. Farin magogin fensir na 'yan makaranta ya fitar mini da nawa tas. Wani farin soso kuma da ake sayarwa wai na sihiri, yana aiki, amma ɗan'uwan samfefa ne mai laushi. Na maƙwabcina ya goge baƙar roba mai sheƙi da shi, ta dushe har yau.

Ɗan Sawaba: To sifirit fa? Shi ma haramun ne?

Masta na Magazin: Sifirit na da amfani a tawadar biro, amma ka sirka da ruwa, ka gwada tukuna a lungun da ido ba ya kaiwa, ƙarƙashin kujera ko cikin akwatin takardu. Kar ya kusanci gilashin robar da ke rufe agogon gudu, yana sa shi hazo ko tsagewa. Tun 2020 lokacin korona muka fara ganin sitiyari da marikin ƙofa sun saɓule saboda sanitaiza.

Hajiya ta Asawase: Danƙon sitika kuma man gyaɗa. Ka shafa, ka bar shi ya jiƙa, ka kankare da tsohon katin waya, sannan sabulu. Ba reza ba don Allah.

Direban Aboaso: Ni faɗana da man ƙyallin nan ne. Silikon ne, ba ya cire komai, rufewa kawai yake. Da hunturu ya shigo ƙura ta samu wurin zama, ga jar ƙasar hanyoyinmu, sai dashbod ya yi dabbare-dabbare. Da rana tsaka kuma haskensa ya dawo gilashin gaba ya hana ka ganin hanya. Ni in na kai wanki tsayawa nake a kansu, musamman kar su taɓa sitiyari da feda, santsi suke sa su.

Mai tasin Aboabo: Allah ya saka da alheri. Hajiya, manjan ya tafi, saura ɗan kaɗan a lungu. Magogin Malam ya ci rabin zanen, sauran ashe karcewa ce ta gaske, ta yi fari. Na turaren kuwa Masta, lomawa ya yi.

Masta na Magazin: Farar karcewar wasu na hura mata zafi da na'urar iska mai zafi launin ya dawo, amma in hannu ya daɗe wuri ɗaya ramukan robar sun narke ke nan. Ƙasan ƙofar tasi ne, ka ƙyale shi, gobe ma wani zai taka. Na dashbod ka duba ko ɓangaren yana cirewa shi kaɗai. In yana cirewa, ka zo da shi Magazin a hannu mu nemo hom yus, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, don launin toka na Vitz ba iri ɗaya ba ne, hoto a waya zai ruɗe ka.