Kakin zuma, fentin mai da zanen waya

Ranar kasuwa muka zauna gindin darbejiya a wani ƙauyen Ringim, mu huɗu masu zane, kan yadda za a haɗa zanen mutum da aka yi a waya da kakin zuma da fentin mai.

Baki ya zo ɗaya cewa a kan katako za a yi aikin: yadi na lanƙwashewa, kakin ya tsage. A buga hoton a takarda mara kauri, a manna, a shafa narkakken kaki, a bi shi da ɗan zafi har takardar ta shanye. Dattijon cikinmu ya ce, "Yara, kaki a ƙasa, mai a sama." In aka juya, kakin ba ya kama jikin mai. Fentin kuma ɗan kaɗan, da yatsa, a kumatu da goshi.

Zafi ne damuwarmu. Kaki na narkewa wajen digiri 62 a ma'aunin Celsius, amma tun kafin nan yake laushi. Nawa na bari ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, ƙura ta manne wa fuskar kamar gero a tabarma. Shi ya sa ake haɗa kakin da ƙaron wata bishiya da ake kira "damar", ya ƙara tauri. A narka a waje, hayaƙinsa na hawa kai.